Shirun ƙirjin mai asma

Abin nan yana damuna, ɗaliban jinya da yawa sun ɗauka in ƙirjin mai asma ya daina fito, wato ƙarar nan da ake ji in yana numfashi, to ya samu sauƙi. Suna da hujja kam, don bayan an shaƙa masa salbutamol, maganin da ke buɗe hanyar numfashi, ƙarar takan ragu. Amma fa ƙarar nan iska ce ke kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya, in hanyar ta kusa toshewa iskar ma ba ta wucewa, sai ka saurara ka ji tsit. Misali yaron da ɗazu yake fito, yanzu shiru, ya galabaita, ya kasa magana, yana gyangyaɗi, wannan oksijin za a sa masa a kira likita nan take. Wanda ya samu sauƙin gaske za ka ji iska na shiga sosai, yana hira.