Ba albashin kaɗai ne ya yi kaɗan ba, aljihun ma a huje yake

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa. Dan Allah ku daure ku karanta, na san da ɗan tsawo, kuma wallahi kaina nake fara yi wa wannan nasihar kafin kowa.

Wani dare barci ya ƙi zuwa, ina kwance ina ta lissafi a kai irin wanda kowane magidanci ke yi in wata ya raba tsakiya, sai nake ta jin ɗis, ɗis, ɗis daga banɗaki. Famfo ne. Ya fi wata biyu yana wannan ɗigon, kullum sai in ce gobe zan kira mai gyara, goben da ba ta zuwa. Ranar dai na tashi na tura bokiti ƙarƙashinsa, da asuba da na shiga alwala sai na tarar ruwa ya kusa rabin bokitin. Na tsaya ina kallonsa jikina ya yi sanyi, dare ɗaya fa kenan. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da lita 10,000 a shekara, ruwan da ba wanda ya sha, ba wanda ya yi wanka da shi, amma sai an biya kuɗinsa.

Abin da ya fi kunyata ni shi ne hadisin Anas (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu 5. Kuma mudun da ake nufi a nan cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, ko lita 1 bai kai ba. Mu kuwa sai mu buɗe famfo tun kafin mu naɗe hannun riga, yana ta zuba muna asuwaki, yana ta zuba muna amsa sallamar wani, mu gama mu ce mun bi sunna. Gwada sau ɗaya kawai, tara roba a ƙarƙashin hannunka ka yi alwala yadda ka saba, ka ga abin da zai taru.

Matsalarmu da an ce israfi sai hankalinmu ya tafi kan masu kuɗi, wai su ne masu almubazzaranci mu talakawa me muke da shi da za mu ɓarnatar. To ai Allah da ya ce ku ci ku sha kada ku yi israfi, lalle shi ba ya son masu israfi, a Suratul A'araf aya ta 31, da "ya 'ya'yan Adam" ya buɗe ayar, bai ware mai albashi kaza ba. A Suratul Isra'i aya ta 27 kuma ya kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu. Mughira ɗan Shu'uba (RA) ya ruwaito cewa Allah ya ƙi mana abu 3, ka ce na ce, da yawan tambaya, da tozarta dukiya. Tozarta dukiya fa, ba a ce mai yawa ba. Ni a ganina ma ɓarnar talaka ta fi ciwo, don mai kuɗi in ya zubar akwai saura, kai kuwa abin da ka zubar yau shi za ka nema bashi ranar 25 ga wata.

Bari in tona wa kaina asiri. Na daɗe ina ɗora laifin ƙarewar kuɗi a kan uwar gida, kullum ƙorafi, ina aka kai kaza, yaushe na kawo kaza har ya ƙare. Rannan sai ta ɗauko wani tsohon littafin yara da ya rage 'yan shafuka ta ajiye min a gaba, ta ce Malam mu yi wata ɗaya kowa ya rubuta duk abin da ya kashe komai ƙanƙantarsa, ni a wannan gefen kai a wancan. Na ce haba Hajiya wannan ai aikin yara ne, ta ce to a yi na yaran. Ƙarshen wata muka zauna muka haɗa lissafi, nata gefen kusan duk abin da gida ke buƙata ne, nawa kuwa innalillahi, data, data, kati, ɗan abin taɓawa a hanya, hawa abin hawa zuwa inda ƙafa za ta kai ni cikin minti 10, data kuma. Ba ta ce min komai ba, murmushi kawai ta yi ta rufe littafin, wallahi da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma hadisin Tirmizi ya ce ƙafar bawa ba za ta gusa ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa, a ina ya samo ta kuma a me ya kashe ta. Mutumin da ba zai iya faɗin inda kuɗinsa na makon jiya suka tafi ba, ya zai yi da tambayar shekara 60?

To mu zo kan wuta, don nan ne na ga mutane na faɗa a inda ba faɗa. Za ka ga mai gida ya tada jijiyar wuya a kan yaro ya bar cajar waya a soket, alhali hitar ruwa tana can a kunne tun safe. Caja ba wani abin kirki take ja ba, ƙa'idar mai sauƙi ce, duk abin da aikinsa zafafawa ne ko sanyayawa shi ne mai cinye maka yunit, dutsen guga, hita, butar lantarki, esi, firji. Dutsen guga kaɗai yana jan wat 1000 ko fiye, saboda haka a tara kayan a goge su zama ɗaya ya fi a riƙa kunna shi kullum saboda riga ɗaya, don duk kunnawa sai ya sake ɗaukar zafi daga farko. Butar lantarki kuma in kofi biyu kake so kar ka cika ta har wuya. Firji a daina saka masa abinci da zafinsa, a ɗan janye shi daga bango bayansa ya sha iska, a duba robar ƙofar, in ka datse takarda a ƙofar ka ja ta fito salin alin to robar ta saki, sanyi na tsiyaya injin kuma ba ya hutawa. Masu esi a wanke ragar da ke tare ƙura, a rufe ƙofa da taga, kuma ba dole sai an kai shi 16 an lulluɓa da bargo ba, 24 ko 25 tare da fanka ya wadatar.

Kwan fitila ma yi lissafin da kanka. Tsohon kwai mai wat 60 in yana kunne awa 10 kullum, a kwana 30 ya sha yunit 18. Kwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya, a wannan lokacin ko yunit 3 ba zai cika ba. Kwai ɗaya kenan, ƙirga nawa ne a gidanka. Kuma kashe fitila in za a kwanta tarbiyya ce da muka gada, hadisin Jabir (RA) ya yi umarni a rufe ƙorai, a kulle ƙofofi, a kashe fitilu lokacin barci. Eh na sani dalilin da ya zo a hadisin tsoron gobara ne don fitilar lokacin ta wuta ce, ba zan ɗora wa hadisi abin da bai faɗa ba, amma dai ɗabi'ar zagaya gida kafin a kwanta a ga me aka bari a buɗe me aka bari a kunne, tana nan da amfaninta har gobe.

Kicin kuwa abin takaici ne. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ne, ba otal ba ba kantuna ba, gidajenmu. Kuma rahoton ya nuna ba ƙasashen masu arziki kaɗai ke yi ba. A dafa fiye da cikin mutanen gida, a cika wa yaro faranti ya ci loma uku ya tashi, da safe a juye a shara. Annabin da ya ce in lomar ɗayanku ta faɗi ya ɗauka ya share ƙazantar ya ci kar ya bar wa shaiɗan, ya ce kuma ba ku san a wane ɓangaren abincin albarkar take ba, loma ɗaya fa ake magana, ina ga rabin tukunya. 'Yar uwa ki auna kafin ki ɗora, ki zuba wa yaro kaɗan in ya cinye a ƙara masa, abin da ya rage a adana ko a miƙa wa mai buƙata tun yana da kyau, ba sai ya fara tsami ba a tuna da sadaka. Ki rufe tukunya da murfi, kuma in ruwa ya tafasa ki rage wutar, ruwa ba ya wuce zafin tafasarsa komai ƙarfin wutar da kika sakar masa, gas ɗin ne kawai ke tafiya.

Waya ba sai na ja ba kowa ya san ciwonsa. Shiga WhatsApp ka kashe saukar da bidiyo da hotuna da kansu, ka hana Facebook kunna bidiyo tun ba ka taɓa ba, ka duba alat ɗin bankinka na wata uku za ka iya samun wata manhaja da ka yi wa rajista ka manta tana ta zarar kuɗinka duk wata. Kasuwa kuma kar ka shiga da yunwa, kar ka shiga ba takarda a hannu, abin da ya burge ka ba ya cikin takardar ka bar shi ya kwana, in gari ya waye har yanzu kana buƙatarsa yana nan. Ragi ma tarko ne wani lokacin, abin da ba ka buƙata ko rabin kuɗinsa aka sayar maka asara ka yi.

Amma babban ramin da ya fi duk waɗannan zurfi shi ne idon mutane. Wance ta canza kujeru, wane ya canza waya, kai ma sai ka yi ko da bashi, kuma ba ka san yadda shi ya kwana ba. Kowa ya daka rawar wani ai zai rasa turmin daka tasa. Maganin yana cikin hadisin Abu Huraira (RA), ku dubi wanda ke ƙasa da ku kar ku dubi wanda ke sama da ku, shi ya fi dacewa don kar ku raina ni'imar Allah a kanku. Nana A'isha (RA) da aka tambaye ta me Annabi (SAW) ke yi a gida ta ce yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa. Mu yanzu abu ya ɗan samu matsala sai shara, gyara ya zama abin kunya.

Daga nan sai bashi, yanzu ma har cikin waya ake biyo ka da shi, danna nan kuɗi su shigo cikin minti 5, da ruwa a kai, riba ƙarara wadda Allah ya haramta. Ko bashin halal ɗin ma Annabi (SAW) ya yawaita neman tsari daga gare shi har aka tambaye shi dalili, ya ce mutum in bashi ya kama shi zai yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Duk wanda ya taɓa kifa wayarsa don ya ga sunan mai binsa ya san gaskiyar wannan. In ya zama dole a ci to a rubuta, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka.

Sai dai fa iyayen gida maza kar wani ya ɗauki wannan rubutun ya je ya tsuke wa iyalinsa wuya ya ce ai malamai sun hana israfi, tattali daban rowa daban. Allah da ya hana shimfiɗa hannu gaba ɗaya, a wannan ayar dai ta 29 cikin Isra'i ya fara da hana ƙuƙunce shi a wuya, kuma bayinsa da ya yaba a Furƙan aya ta 67 su ne waɗanda ba sa israfi ba sa ƙwauro, suna tsakiya. Hindu 'yar Utba da ta kai ƙarar mijinta cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, izini aka ba ta ta ɗauki abin da zai wadace su daidai gwargwado. In za a rage a fara daga aljihunka da wayarka, ba daga cikin yara da maganinsu da karatunsu ba.

Abin da za a ajiye kuma a ware shi ranar da kuɗi suka shigo, ba ranar da suka ƙare ba, don ba abin da ke yin saura. Wasu na ganin ajiya rashin tawakkali ne, alhali Annabi Yusuf (AS) shawarar da ya bayar kenan, shekara 7 na yalwa a bar hatsin cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda 7 masu tsanani da ke tafe, kuma ya tabbata a Bukhari Annabi (SAW) yana ware wa iyalinsa abincin shekara.

Famfon nan dai na kira mai gyara washegari. Ya kwance kan, ya zaro wata 'yar roba baƙa da ba ta fi faɗin farcen babban yatsa ba duk ta cinye, ya sa sabuwa ya ɗaure, ko minti 10 bai yi ba. Ya ce Alhaji tun yaushe yake haka, na ce kwana biyu ne, sai Hajiya daga kicin ta ce Malam ka ji tsoron Allah, wata biyu dai.