Buhun shinkafa ba ya hana a ci zalin tsohuwa

Ranar 15 ga Yuni ta sake zuwa ta wuce, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita tun 2011 don jan hankali kan cin zarafin tsofaffi. Mu kuma a nan mun riga mun san yadda ake raya ta. A kafa rumfa, a ɗaura kyalle mai sunan gidauniya da hoton mai ita, a kwaso tsofaffi tun da hantsi a jera su a kujerun roba, su yi ta hamma har azahar ta gota ana jiran babban baƙo. In ya iso, a miƙa wa kowa ƙullin shinkafa da taliya, wani lokaci har da turmin atamfa, a ce su ɗaga sama za a ɗauka. Kafin la'asar bidiyo ya cika Facebook da TikTok, ga tsohuwa tana share hawaye da bakin mayafi tana sa albarka, jama'a suna ta zuba addu'a a ƙasa.

Ba ni da faɗa da mai ciyarwa. A wannan tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, ko mudu ɗaya mutum ya ba mabuƙaci Allah ya ba shi lada. Faɗana da sunan da ake laƙaba wa abin ne, wai yaƙi da cin zarafin tsofaffi. Wa ya bi tsohuwar nan gida ya ga hannun da ya karɓe ƙullin tun daga zaure? Wa ya tambaye ta rabonta da a yi mata wanka da ruwan ɗumi? Wanda yake cutar da ita, in akwai, yana iya zama shi ne ya kawo ta wurin taron a kan babur, shi zai mayar da ita, kuma shi zai sayar da atamfar.

Abin da ya fi rumfar ba ni haushi shi ne jawabin da ake yi a cikinta. Da wuya a tashi ba wani ya karɓi lasifika ya ce alhamdu lillahi mu wannan matsala ba tamu ba ce, ta Turawa ce masu kwashe iyayensu su kai gidan gajiyayyu, mu addininmu da al'adarmu sun gama mana komai. Sai a yi kabbara, a janyo aya ta 23 a Suratul Isra'i wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "uf". Ayar gaskiya ce, amma umarni ne, ba shaidar cewa an bi shi ba. Sata ma haramun ce, ba wanda ya daina kulle shagonsa saboda haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike 52 daga ƙasashe 28 a 2017, ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a gidaje da unguwanni ake magana, ba a gidajen gajiyayyu ba. Duka, wanda shi kaɗai mutanenmu suke ɗauka cin zarafi, bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Mafi yawa tsawa ce da zagi da wulaƙanci, kusan kashi 12, sai cinye dukiya kusan kashi 7, sai sakaci. Duk wanda ya taso a gidan yawa, in zai ji tsoron Allah, ya san ba baƙin abubuwa aka lissafa masa ba.

Ku shiga irin gidan da nake nufi. Ɗakin tsohuwa shi ne na ƙurya, kusa da turken awaki, wanda a da ake ajiye gawayi da tsofaffin buhuna. An mayar da ita can ne saboda autan gida zai yi aure ana buƙatar ɗakinta, wanda ta shekara arba'in a ciki. Tun da ɓarin jikinta ya shanye take kwance a kan tabarma da leda a ƙasa, ba mai juya ta, har bayanta ya fara salewa. Da rana a aiko yaro ya dire kwanon tuwo a bakin ƙofa ya ruga, da magariba a zo a ɗauke kwanon yadda aka kawo shi, a ce ai Iya ba ta son cin abinci yanzu. Ba wanda ya lura cewa hannun da take ci da shi ne ya mutu. A gidan nan ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu, kowa yana salla, ɗanta ma yana iya kasancewa cikin masu kabbara a rumfa.

Ga kuma na kuɗi, wanda ya ƙaru tun da aka tura kowa banki. Dattijo ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ido ya yi rauni, lambar sirri ba ta zama a kansa, sai ya damƙa wa ɗa ko jika katinsa. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da layin banki ya gagari matasa ma balle mai sanda, tsofaffi da yawa a nan suka saki katunansu, wasu har yau bai dawo hannunsu ba. Fansho ya shigo, a je wurin mai POS a cire, a kawo wa Baba rabi a ce gwamnati ce ta yanke. Ya yarda, don ya saba gwamnati tana yankewa. Mukan tsine wa Abdulrasheed Maina, wanda kotu ta ɗaure shekara takwas a Nuwamban 2021 kan kuɗin 'yan fansho sama da naira biliyan biyu, kuma ya cancanci tsinuwar. Amma ƙananan Maina da ke kwana gida ɗaya da mai fanshon ba mai kai su gaban alƙali. Haka batun gado: miji ya rasu, kafin ta fita takaba magada sun kira dillali, a ba ta tumuninta a hannu, kuɗin da ba zai kama mata ko ɗaki ɗaya a bayan gari ba, a sa ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa. A lissafi an bi shari'a, amma tsohuwa ta koma yawon kwana gidajen 'ya'ya, wata ɗaya nan wata ɗaya can, kowace suruka tana ƙirga kwanaki.

Kuma ba za ta faɗa ba. A nan ne masu cewa "ai da akwai da mun ji" suke nuna ba su san mutanensu ba. Uwa ta kai ƙarar ɗan da ta haifa wurin mai unguwa? Ko ka ritsa ta da tambaya, murmushi za ta yi ta ce lafiya lau, yaran suna ƙoƙari, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tana tsoron a ce ta yi masa baki, tana tsoron abin kunya ya fita, tana kuma tsoron abin da zai biyo baya in baƙo ya tafi aka rufe ƙofa. Shirun nan nata shi masu jawabi suke ɗauka shaidar zaman lafiya.

Mafi muni shi ne abin da ke samun wadda gigin tsufa ya kama. Cutar mantuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Tsohuwa ta fara sambatu, ta fita tsakar dare ba ɗankwali, ta kira sunan matattu, ta ce ta ga wane a mafarki. Sai a yi rashin sa'a jaririn maƙwabta ya yi zazzaɓi ya fara fizge-fizge. Nan take an gano mayya. A taru a ƙofar gida, a ce ta kama kurwar yaro sai ta sake shi, a fito da ita a tilasta mata ta tsallake shi, yara suna jifa, manya suna kallo. A Yulin 2020, a ƙauyen Kafaba kusa da Salaga a arewacin Gana, garin da kakanninmu fataken goro suka sani sarai, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta da rana tsaka bisa zargin maita, mutane sun kewaye, wani yana ɗauka da waya. Sai a 2023 aka ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. Majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar hana zargin maita a shekarar, shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, bai sa hannu ba. Mu kuwa ba mu da wannan uzurin. Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya riga ya mayar da jifan mutum da maita laifi. Yaushe rabon da ku ji an gurfanar da wani a kansa?

Dokoki dai ga su nan jibge. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko tarar da za ta iya kai naira 500,000, ga wanda ya yi watsi da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa ba ci ba sha, kuma yawancin jihohi sun karɓe ta. Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Cibiyar tana Abuja, tsohuwar tana ɗakin ƙurya, ba wanda ya haɗa su. Masu cewa mafita ita ce gwamnati ta gina gidajen gajiyayyu a kowace ƙaramar hukuma su fara duba yadda take riƙe da asibitocin da ta riga ta gina, su kuma sani cewa a binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, biyu cikin uku na ma'aikatan irin waɗannan gidaje da bakinsu suka amsa cewa sun taɓa cin zarafin wanda suke kula da shi.

Abin da ke karya zalunci na cikin gida shi ne ƙafar baƙo mai dawowa. Mai cutar da tsoho yana sakewa ne don ya tabbata ba mai leƙowa. Ranar da ya san cewa duk Laraba wasu mata biyu za su yi sallama, su wuce har ƙurya, su durƙusa su ce "Iya, mun zo gaishe ki, ina ƙarfin jiki?", su ɗaga zanen su duba bayanta, su tambayi maganin hawan jinin da aka rubuta mata ko an saya, to ranar ɗakin zai fara ganin tsintsiya. Kunyar da ta rufe bakin tsohuwa ita ce dai za ta kama ɗan nata, in an san yadda za a juya ta. Wannan shi ne aikin sa kai da nake so in ga ƙungiyoyi suna ɗiban mutane dominsa, kuma ba ya cin kuɗin rumfa ɗaya. Matsalarsa guda ce, ba ya hoto, mai gidauniya ba zai samu abin ɗorawa a shafinsa ba.

Kada wani ya ce mini ba za a bar su shiga ba. Mun ga an yi. Bayan ƙaurace wa rigakafin shan inna da aka yi a Kano a 2003, ba tallan rediyo kaɗai ya dawo da mutane ba. Dubban mata 'yan sa kai ne, 'yan unguwa, waɗanda aka san iyayensu da mazajensu, suka riƙa bin gida gida, suna shiga inda aka rubuta "ba shiga", suna zuwa suna da biki, da goyon bayan masu unguwanni da hakimai, har aka wayi gari a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. In an iya ƙirga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a lungu, ƙirga tsofaffin da ke kwance ba zai gagara ba, su da ba su kai yaran yawa ba, ba sa kuma gudu su ɓuya.

Mutanen ma muna da su. Ga 'yan agajin Jama'atu, ga na Izala, ga na Fityanu, matasa masu horo da ɗa'a, waɗanda galibi ba a tuna da su sai za a tsare layi a wurin wa'azi ko sallar idi. Ga FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da ke nan tun 1985, ga makarantun Islamiyya na matan aure a kowace unguwa, ga zumuntar mata a coci-coci. Ziyarar mara lafiya tana cikin abin da suke karantawa kullum, saura a ce da su ga gida, ga rana.

Wani abin da masu ziyara za su tarar, wanda masu wa'azin bin iyaye ba sa so a ambata, shi ne cewa mai tsawar sau da yawa ita ma a gajiye take. Ɗawainiyar kashi da fitsari ba ta faɗawa kan 'ya'ya maza da ke aiko da dubu biyar daga Abuja ko Legas suna bugo waya suna ba da umarni. Kan suruka take faɗawa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, mace mai goyo da yara biyar, wadda ba ta yi barcin kirki ba tun bara, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga mai shanyewar jiki ba tare da ta karya bayanta ba. Wannan ba ya wanke ta, amma in 'yar sa kai ta karɓe ta na yini ɗaya ta je unguwa ta sha iska, ta kuma fahimtar da ita cewa zagin da tsohuwa ke yi mata ciwo ne ba ƙiyayya ba, an rage rabin masifar ba tare da an je gaban kowa ba.

Masu cewa wannan shiga sirrin gidan mutane ne, su ne dai waɗanda in an fito da gawa za su ce wallahi ba su san tana cikin wannan hali ba. Sauran tsarin ba wuya. A tantance masu zuwa ta hannun limami da mai unguwa, su riƙa tafiya bibbiyu, mata wurin mata, kada su taɓa kuɗi ko katin kowa, kada su ɗauki hoto. Abin da nasiha za ta gyara a gyara a zaure, wanda ya fi ƙarfinta a kai Hisba ko ofishin walwalar jama'a, na duka da na zargin maita kuwa a kai wa 'yan sanda kai tsaye. Gidan da aka ce musu Iya tana barci sau biyu a jere, su rubuta shi su miƙa wa mai unguwa, kamar yadda masu rigakafi suka riƙa yi da gidan da ya ɓoye yara.