Hakkin Mai Shagon Unguwa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi ta unguwar Gangare a Jos, na tsaya gaishe da wani dattijo da muka taso ana aikenmu sayen sukari da kananzir a shagonsa. Kantocin da na sani cike taf, yanzu sai 'yan gwangwanayen madara, da sinƙin ashana, da ƙulle-ƙullen omo. Na ce, "Baba, yaya kasuwa?" Ya ce, "Sai godiya, ɗana." Hannunsa na kan wani tsohon littafi da gefensa ya yi baƙi don yawan buɗawa. Littafin bashi ne. Jarinsa na ciki, kuma na san har da sunana.

Wallahi kwana na yi abin yana ci mini rai.

Mu duba halinmu. Ranar da aljihu ya bushe, mai shagon unguwa muka sani: a tura yaro ya karɓo taliya da magi, a ce Baba ya rubuta. Ranar da albashi ya shigo kuwa, sai mu ɗauki iyali mu nufi babban kanti, mu biya abin da aka liƙa a jikin kaya ba tayi ba ragi. Mu dawo mu tsaya ja-in-ja da dattijo a kan naira hamsin. Sayayya a babban kanti halal ce, ba wanda ya hana. Amma wuce mai binka bashi da kuɗi a aljihu fa? Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kuma mutumin nan maƙwabci ne, wanda Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya a kansa har Annabi ya zaci za a ba shi gado.

Mu mutanen Jos bai kamata mu yi saurin mantuwa ba. Gangare da Dilimi tun zamanin haƙar kuza ake saye da sayarwa a cikinsu. Da kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, mutane da yawa sun kwana da jari sun wayi gari babu, wasunsu da ɗan teburi a ƙofar gida suka sake farawa. A lokutan dokar hana fita, ta tagar shagon unguwa aka riƙa miƙo mana garin kwaki. Farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya, mutum na da kuɗi a banki amma ba na cefane a hannu, wa ya yarda da bakinmu? Masu shagon unguwa ne dai.

Kuɗin da ka ba mai shagon unguwa kuma ba nisa yake yi ba. Da shi zai sari hatsi a kasuwar Katako, ya sallami mai turo baro, ya biya wa jikokinsa kuɗin Islamiyya. Ranar da aka yi maka rasuwa, shi zai rufe shago ya bi gawa har maƙabarta.

Ku ma iyayenmu masu shaguna, a ji tsoron Allah a mudu da sikeli, sura guda aka saukar a kan masu tauyewa. Kar a ɓoye kaya ana jiran su yi tsada. Annabi (SAW) ya roƙa wa mai sauƙi rahama, idan ya sayar, idan ya saya, da idan ya nemi a biya shi.

Washegarin waccan Juma'a bayan sallar isha'i na koma shagon Baba da kuɗin da yake bina. Baba ya haska littafin da tocilar waya, ya nemo sunana a shafin wata huɗu baya, ya ja layi a kai da biro. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sai ya juya ya ce wa yaron shagon gobe da sassafe ya je ya saro katan ɗin sabulu, kwana uku ke nan mata na tambaya babu.