Kayan da ka manta kana sanye da su

Jama'a, akwai wata magana da ake yawan yi kan sutura wadda ni dai ban yarda da ita ba. Wai idan kana son ka shiga cikin mutane da ƙarfin gwiwa, sai ka sa mai tsada, ko ka sa abin da ake yayi. A ganina, kayan da suke ba mutum ƙarfin gwiwa su ne waɗanda da zarar ya bar gaban madubi ya manta da su, hankalinsa ya koma kan abin da ya fito da shi daga gida.

Ku lura da mutumin da kayansa ba su zauna masa ba, ko a wurin taro ko a wurin neman aiki. Ana yi masa magana, hannunsa na can yana jan gindin riga. Ya zauna, maɓallin da ke saitin cikinsa ya buɗe baki, sai ya ɗora takarda a kan cinya yana karewa. Wuyan rigar ya shaƙe shi, ya sa yatsa yana sassautawa. Takalmi kuma na gatsa masa ɗan yatsa, har tafiyarsa ta canza. Rabin hankalinsa na kan mai tambaya, rabi na kan jikinsa. Wannan ko nawa ya kashe a kan kayan, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Mutane ba za su ce "rigarsa ta matse shi" ba, cewa za su yi "ai ba shi da natsuwa".

Abin haushin ma, yawancin tsarguwar da muke yi mu kaɗai muke yin abarmu. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun gwada wannan a jami'ar Cornell da ke Amurka, suka wallafa sakamakon a 2000. Sun sa ɗalibai su saka riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka tura su ɗakin da wasu ɗaliban ke zaune. Da aka tambayi masu rigar mutum nawa suke jin sun lura, sai suka ce kusan rabi. Da aka tambayi na cikin ɗakin, waɗanda suka lura ba su wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba. Kowa ta kansa yake yi, kowa na can yana tunanin tasa rigar. To tunda idon mutane bai kai yadda muke zato ba, ai wanda ya fi cancanta kayan su gamsar shi ne wanda zai wuni a cikinsu.

Ta ina ake gano salon da ya dace da mutum? Ni na fi yarda da kwandon wanki fiye da shafukan 'yan gayu. Duba kayan da suka fi yawan zuwa wanki, waɗanda ko gama bushewa ba su yi ba kake neman su. Su ne hannunka ke kaiwa gare su ranar da ka makara, ranar da ba ka da lokacin yin shawara da madubi. Fito da su ka shimfiɗa a kan gado, ka tambayi kanka me ya haɗa su. Za ka tarar akwai wani abu da ke maimaita kansa: wataƙila duk masu sakin jiki ne, wataƙila duk wuyansu a buɗe yake, ko duk suna da aljihu, ko launinsu bai wuce biyu zuwa uku ba. Salonka ke nan, tun tuni jikinka ya zaɓa, kai ne ba ka saurare shi ba. Sannan ka waiwayi waɗanda ke rataye shekara da shekaru, wasu ko takardar shago ba a cire musu ba. Yawancinsu an saye su ne don an ga sun yi wa wani kyau. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bari in tsaya a kan maganar lambar kaya, don ta karya wa mutane da yawa gwiwa, musamman mata. 'Yar'uwa, idan kin shiga ɗakin gwaji lambar da kika saba sawa ta ƙi shiga, kada ki fito kina jin haushin jikinki. Lambobin nan ba wahayi ba ne. A Amurka, tsarin lambar kayan mata ya samo asali ne daga awon da aka yi wa mata kusan 15,000 tsakanin 1939 da 1940, kuma kusan duk farar fata ne. A 1958 aka fitar da ma'auni na ƙasa, a 1983 aka janye shi, aka bar kowane kamfani da nasa. Shi ya sa lamba ɗaya take yi miki cif-cif a wannan kamfani, a wancan kuma ko zif ɗin ba zai ja ba. Ki riƙe awon kafaɗarki da ƙirji da ƙugu da tsawo, ki sayi wanda ya shiga wurin da ya fi faɗi a jikinki, sauran aikin na tela ne.

Sai kuma kunyar maimaita kaya, wadda kafofin sada zumunta suka ƙara wa gishiri. An ɗauke ka hoto da riga sau ɗaya, shi ke nan wai ta mutu. Alhali mutanen da duniya ta san su da kamanni tsayayye, da maimaici suka kai ga haka. Angela Merkel ta yi shekara 16 tana mulkin Jamus, daga 2005 zuwa 2021, kusan da ɗinkin kwat iri ɗaya, launi kawai take canzawa. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya lizimci baƙar riga mai dogon wuya ta mai zanen kaya ɗan Japan, Issey Miyake, da wandon jins. Barack Obama ya faɗa a 2012 cewa kwat mai ruwan toka ko shuɗi kawai yake sawa, don ya rage wa kansa yawan abin da zai yanke shawara a kai. Kada kuma a ɗauka sai da launi mai sanyi ake yin haka. Nelson Mandela ya yi ta shiga manyan tarukan duniya da rigunansa masu zane da launi, a tsakiyar shugabanni masu kwat da laktaye, har rigar ta ɗauki sunan zuriyarsa da ake kiransa da shi, ake ce mata rigar Madiba. Marigayiya Sarauniya Elizabeth ta biyu ta Ingila kuwa launuka masu haske ta riƙa sawa don a iya hango ta cikin cunkoso. Kowannensu ya san abin da yake buƙata daga kayansa, ya tsaya a kai.

Masu sayar da kaya ba za su so mu tsaya ba, kuma ban ga laifinsu ba, kasuwa suke nema. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna yawan tufafin da ake ƙerawa a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015, yayin da yawan sawar da ake yi wa kowace riga kafin a watsar ya ragu da kusan kashi 36 cikin 100. Kaya sun yi yawa, amma kukan "ba ni da abin sawa" bai ragu ba. Wanda ke bin yayi kullum a baya yake, kafin ya gama biyan wannan an fito da wani.

Na san wani zai ce, to ai wannan shawarar ta zama wuri ɗaya ce, yaushe mutum zai gwada sabon abu? Gaskiya ne, akwai wanda ya ɓuya a cikin manyan kaya masu duhu shekara da shekaru saboda wata baƙar magana da aka taɓa yi masa kan jikinsa, har ya ɗauka zaɓinsa ne. Irin wannan yana buƙatar gwaji. Amma a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sabon launi a kan tsohon ɗinkin da ka saba, ko sabon ɗinki a launin da ka san ya karɓe ka. Ka fara sawa ranar da ba ka da wani muhimmin abu, ka ga ko zuwa la'asar ka manta da shi. Ranar ganawa mai muhimmanci ba ranar gwajin sabon takalmi ba ce. Launi kuma a duba shi da hasken rana, a kara yadin kusa da fuska, don fitilun shago sun iya yaudara.

Yadi ma yana da nasa hukuncin, kuma mutane ba sa karanta 'yar takardar da ke liƙe a cikin riga. Auduga tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa. Lilin ya fi ta sanyi, sai dai da ka zauna ya yamutse, idan kai mai damuwa da guga ne zai hana ka sakat. Poliyesta, wadda yanzu ta haura rabin zaren da ake samarwa a duniya, ba ta saurin yamutsewa kuma tana saurin bushewa, amma tana riƙe warin gumi. Mai yawan zufa da ya sa ta a rana mai zafi, wuni zai yi yana matse hammata.

Kafin ka biya kuɗi ko ka karɓo ɗinki, kada ka tsaya ƙiƙam a gaban madubi ka shanye ciki, ba haka za ka wuni ba. Zauna a kujera. Ɗaga hannuwa sama kamar za ka ɗauko abu. Sunkuya kamar za ka ɗaura igiyar takalmi. Sa wayarka a aljihu ka ga ko wandon zai ja gefe ɗaya. Ka fi mai da hankali kan kafaɗa: ɗinkin ya sauka daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare, don nan ne wurin da ya fi wa tela wuyar gyarawa. Tsawon wando, tsawon hannu da kama ƙugu duk ƙananan ayyuka ne. Takalmi kuwa a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sa shi da ita, kuma a gwada ƙafa biyun, don da wuya ka samu mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai da juna.