Masu manyan kantuna, ku leƙa ɗakin injina kafin ku damu da leda

Da zarar an tayar da zancen dokokin muhalli da manyan kantuna, sai hankalin kowa ya tafi kan leda, domin ita mai sayayya yake gani a wajen biyan kuɗi. Kenya ta haramta ledar zuba kaya a 2017, Ingila ta sa mata kuɗi tun 2015, Legas ta hana robar soso ta zuba abinci a Janairun 2024. Duk an yi haka, amma mai kanti yana iya fita daga wannan matsala cikin wata guda, ya sauya mai kawo masa jaka, ya ɗora kuɗinta a kan mai saye. Dokar da take taɓa jari da gaske tana can baya, a ɗakin da kwamfuresoshi, injinan da suke matsa gas ɗin sanyaya kaya, suke gurnani dare da rana, kuma ita ce masu kantunanmu ba su cika tambaya a kanta ba.

A babban kanti mai sayar da nama da kifi da madara, sanyaya kaya kaɗai yana cin kusan rabin wutar da ake sha. Gas ɗin da yake zagayawa a bututun nan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa matsakaicin babban kanti a can yana zubar da kusan kashi 25 cikin 100 na gas ɗinsa duk shekara ta hanyar yoyo. A ɗauki kanti mai kilo 100 na gas ɗin da ake kira R404A, wanda shi ne ya fi yawa a firizoji da ɗakunan sanyi. Kilo 25 ke nan a shekara, sama da tukunya biyu ta kilo 10.9. Kilo ɗaya na R404A yana ɗumama duniya daidai da kilo 3,922 na iskar kabon, wato wannan yoyon ya kai tan 98, kwatankwacin a ƙona dizal sama da lita 36,000. Ya fi tanka guda cike. Wannan lissafin ne ya sa masu tsara doka suka sa wa manyan kantuna ido.

Asalin maganar Yarjejeniyar Montiriyal ce ta 1987, wadda ta zo don kare rufin ozon. Ita ta kawar da tsohon gas ɗin sanyaya R12, ita ce kuma take kawar da R22 yanzu. Ga ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya da Nijar da Gana, jadawalin a rubuce yake: ragin kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025, a rufe a 2030, sai ɗan abin da aka bari na gyara. Duk mai ɗakin sanyi ko na'urar sanyaya ɗaki da take aiki da R22 ya san cewa shekarun da suka rage masa ba su da yawa. Da aka gudu daga R22 aka faɗa R404A da R134a, waɗanda ba sa taɓa ozon amma suna ɗumama duniya sosai. Saboda haka a Oktoban 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara a Kigali, Nijeriya ta amince da shi a 2018. Rukunin ƙasashen da muke ciki ya daskarar da yawan irin wannan gas da zai shigo da shi a 2024, ragin kashi 10 a 2029, kashi 30 a 2035, kashi 50 a 2040, kashi 80 a 2045.

Wani zai ce ai 2045 da nisa, Alhaji ya sha kuruminsa. A nan kuskuren yake. Ba mu muke sarrafa gas ɗin ba, ba mu muke ƙera kwamfuresa ba. Sin, wadda ta fi kowa sarrafa shi, rukuninmu ɗaya da ita, kuma tun 2024 masana'antunta da kaso suke aiki, wato iyakar abin da aka yarda kowace ta sarrafa. Turai kuwa ta riga ta nuna yadda abin yake kasancewa. Dokarta ta 2014 ba kilo take ƙirgawa ba, ɗumamar da kowane kilo yake jawowa take ƙirgawa. Da kason ya sauko daga kashi 93 zuwa 63 a 2018, kamfanoni suka ga kilo ɗaya na R404A yana cinye musu kason da zai ishe su sayar da kusan kilo uku na R134a. Nan take farashinsa ya ninka sau da dama tsakanin 2017 da 2018, wasu ma suka daina sayar da shi. Daga Janairun 2020 aka hana zuba sabon R404A a duk injin da yake ɗaukar fiye da kimanin kilo 10. Daga 2022 aka hana kafa sababbin manyan injinan haɗaka, waɗanda suke sanyaya kantoci da yawa daga wuri ɗaya, masu kilowat 40 zuwa sama da gas mai ƙarfin ɗumama 150 ko fiye, wato wanda kilo ɗayansa ya kai kilo 150 na iskar kabon. Sabuwar dokar 2024 ta ce nan da 2050 an gama da wannan dangin gas baki ɗaya.

To ina tsofaffin injinan da aka ciro daga kantunan Jamus da Holan da Italiya suka tafi? Duk wanda ya san kasuwar kayan Beljiyam ya san amsa. Kantar nuna kaya mai gilashi, fes da ita, rabin kuɗin sabuwa, a jikinta an rubuta R404A. Araha ba ta ado. Mai saye ya ɗauko injin da masu shi suka rabu da shi saboda gas ɗinsa ya zama nauyi, zai kuma rayu da shi shekara goma ko fiye, daidai lokacin da kason namu zai fara raguwa. Dokar Turai ta 2024 ta hana fitar da na'urorin sanyaya masu gas mai ƙarfin 1,000 ko fiye daga Maris ɗin 2025, Gana kuma ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013, amma abin da ya riga ya shigo yana nan a rumbuna ana neman mai saye.

Akwai wani abu a jikin waɗannan kantocin da ba a kula da shi, wato lambar yanayin da aka gina su don shi. A ƙaramin allon ƙarfen da yake manne a gefe ko a ƙasa za ka ga an rubuta aji. Aji na 3 yana nufin ɗaki mai zafin digiri 25 da laima kashi 60, shi ne mafi yawan kayan Turai. Aji na 4 digiri 30, aji na 5 digiri 40. Kawo aji na 3 Kano ko Maraɗi, a watan Afrilu, a kantin da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki da dare don a rage dizal, kwamfuresa ba zai huta ba ko na minti ɗaya, gilashi zai yi ta gumi, ƙanƙara ta toshe ebaporeta, wato bututun da yake ba da sanyi a ciki, kaji su fara saki. Sai a kira mai gyara ya ce gas ne ya ragu, ya ƙara, alhali ba gas ba ne matsalar.

Mai R404A da injinsa yake da sauran ƙarfi yana da mafita ta wucin gadi, wato R448A ko R449A, masu ƙarfin ɗumama kusan 1,400. Man kwamfuresa ɗaya suke sha da R404A, don haka aikin bai da yawa, sai dai yana da ƙa'ida. A kwashe tsohon gas a tukunyar ajiya, a auna nauyinsa. A sauya filtar da take tsotse laima. A gwada bututu da busasshen naitirojin, a toshe duk inda yake yoyo, a zuƙe iska da famfo har ma'auni ya sauka zuwa maikiron 500 ya tsaya. Sannan a zuba sabon gas a matsayin ruwa, da sikeli, domin haɗin gas ne da dama, idan aka zuba shi a tururi haɗin zai karkace. A daidaita bawul ɗin faɗaɗawa, a kuma sa ido kan zafin bututun da yake fita daga kwamfuresa, musamman a firiza, domin waɗannan sun fi R404A zafi a wannan wurin, kuma a yanayinmu shi yake ƙona mai. Mai R22 aikinsa ya fi haka, domin tsohon man da yake ciki ba ya haɗuwa da sabon gas, dole a wanke a sauya shi, a sauya robobin da suke toshe mahaɗa, in ba haka ba yoyo zai ɓarke ta ko'ina bayan 'yan makonni.

Manyan kantunan Turai yawancinsu iskar kabon suka koma, R744, mai ƙarfin ɗumama 1. Fasaha ce mai kyau, amma ban ga hikimar a kwafo ta haka nan zuwa Sahel ba tare da lissafi ba. Wannan gas ba ya komawa ruwa idan zafinsa ya wuce digiri 31, don haka a ranar da waje yake digiri 42 injin yana aiki da matsin da ya kai 100 ko fiye a ma'aunin bar, yana shan wuta fiye da yadda zai sha a Hambug ta Jamus. Ana rage wannan da ƙarin kwamfuresa na gefe da fesa ruwa a kan mai sanyaya gas, duk kuɗi ne, ruwan kuma sai mai tsabta. Babbar matsalar ma ɗaukewar wuta ce. Injin ya tsaya, gas ya ɗumama, matsi ya hau, bawul ɗin kariya ya buɗe ya fesar da shi waje. Wuta ta dawo babu abin da zai zagaya. Wanda zai kafa irin wannan sai ya tanadi ƙaramin injin da zai riƙa sanyaya tankin a kan batir, ya kuma tabbata akwai wanda ya iya gyaransa a garin, ba sai an jira jirgi daga Legas ba.

Ga kanti matsakaici, a ganina kantoci masu injinsu a jiki da suke aiki da R290, wato gas ɗin furofen, sun fi dacewa. Ƙarfin ɗumamarsa 3 ne, yana jure zafi, yana shan wuta kaɗan, kuma idan ɗaya ta lalace sauran suna aiki. A 2019 ƙa'idar duniya ta ɗaga iyakar abin da za a zuba a kowace daga giram 150 zuwa 500. Illarsu biyu. Suna fitar da zafinsu cikin kanti, don haka na'urar sanyaya ɗaki sai ta ƙara ƙarfi. Sannan R290 yana kama wuta, ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa. Ba a walda a kansa sai an kwashe an busa naitirojin. Kuma don Allah a daina zuba gas ɗin girki a madadinsa, akwai laima da ƙazanta a ciki, a daina kuma zuba shi a tsohon injin R22 mai makunnin da yake tartsatsi.

Idan kaso ya ragu farashi ya hau, jabu yakan biyo baya. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil har aka rasa rayuka, saboda an haɗa R134a da wani gas, R40, mai cin alminiyam a cikin kwamfuresa. Tukunya mai launi daidai da rubutu daidai ba shaida ba ce. Kanti mai ɗakin sanyi biyu ko uku ya kamata ya sayi gas a hannun mai lasisi guda, ya riƙe rasit, ya kuma nemi a gwada da na'urar tantancewa kafin a zuba.

Abin da ya fi komai araha kuwa littafi ne. Turai ta wajabta duba yoyo duk wata 12 ga injin da gas ɗinsa ya kai kwatankwacin tan 5 na iskar kabon, duk wata 6 ga tan 50, duk wata 3 ga tan 500. A R404A, tan 50 bai kai kilo 13 ba, wato ɗakin sanyi guda mai ɗan girma. A Amurka kamfanin manyan kantuna na Trader Joe's ya biya tarar dala 500,000 a 2016 kan rashin gyara yoyo da rashin ajiye bayanai. A nan babu wanda zai zo ya ci ka tara gobe, amma tsarin biyan mai gyara a kan kowace tukunyar da ya zuba yana ba shi lada ne kan barin ramin a buɗe. A koma biyansa kuɗin kulawa na wata, a rubuta kowane inji da irin gas ɗinsa da nauyinsa, ranar da aka ƙara, kilo nawa, a ina aka samu yoyon, wa ya gyara. Injin da aka ƙara wa gas sau biyu cikin wata shida, a kwashe kayan da suke ciki a gwada shi da naitirojin kafin a sake sayen wata tukunya.