Ba saurin jirgi kaɗai ke nuna gwani a wasan silalom ba

Masu kallo da yawa na ɗauka cewa a wasan zamiya kan ruwa na silalom, wanda jirginsa ya fi gudu shi ne gwani. Ba haka ba ne. A gasa, gudu yana da iyaka: kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. Da an kai nan, sai a koma rage tsawon igiyar da jirgin ke jan ɗan wasa da ita.

Ƙwallaye shida da aka kafa a kan ruwa ne ɗan wasa zai kewaya, kowanne yana mita 11.5 daga tsakiyar hanyar jirgi. Igiya kan fara daga mita 18.25, ta sauko 16, 14.25, 13, 12, sannan 11.25. A nan ne abin ke zafi, domin igiyar ba ta kai ƙwallon ba ma. Sai mutum ya kwanta ya miƙa hannu ɗaya ya cike gibin da tsawon jikinsa. Shi ya sa ake rubuta maki kamar "3 a 11.25", wato ƙwallo uku a wannan igiya.

Allon zamiya kuwa, nauyin mutum da gudun jirgi ake dubawa. Mai koyo da ke tafiya a hankali, ya ɗauki gajeren allo siriri na ƙwararru, nutsewa zai riƙa yi. Mai faɗi da ɗan tsawo ne nasa.