Ya ci shari'a, sai me?

Tun jiya nake ganin ana ta yawo da labarin kyaftin ɗin jirgin saman nan da kotun sauraron ƙorafi ta ce a mayar masa da lasisinsa. Kowa na rubuta "alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta." Har wani ya ce wai wannan ya nuna tsarin yana aiki. Ranka ya daɗe, wane aiki? Mutumin da aka sauke daga jirgi fiye da shekara guda, albashi ya tsaya, kamfani ya ɗora wani a kujerarsa, lauya ya kwashe ɗan abin da ya tara, yau an kira shi an ce ashe dai ba ka da laifi, ga takardarka. Ku kuma kuna ta tafi. To ni ban ga abin tafi ba, kuma ba zan taya ku ba.

A wannan harkar hukunci ne ke zuwa da farko, shari'a ta biyo baya tana jan ƙafa. Ranar da wasiƙar dakatarwa daga hukumar kula da jiragen sama ta shigo hannun matuƙi, ranar aka gama da shi. Duk abin da kotu za ta faɗa daga baya ihu ne bayan hari. Shi ya sa nake mamakin masu ƙirga wa ya ci wa ya faɗi. Ku ƙirga watannin da mutum ya yi a ƙasa kafin a saurare shi, sannan mu yi maganar adalci.

Da yawanku ba ku san yadda lasisin matuƙi yake ba, shi ya sa kuke ganin an mayar masa, shi ke nan magana ta ƙare. Ba takardar fili ba ce da za ka jefa ƙasan akwati ka dawo bayan shekara goma ka tarar da ita yadda ka bar ta. Kafin matuƙi ya ɗauki fasinja sai ya kasance ya tashi ya sauka sau 3 cikin kwana 90 da suka wuce. Takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda matuƙan jiragen fasinja ke riƙewa, wata 12 take yi, kuma in shekaru sun ja sai ta koma wata 6. Akwai gwajin ƙwarewa da kamfani ke yi masa a cikin na'urar kwaikwayon jirgi sau biyu a shekara. Akwai izinin tuƙa samfurin jirgin da yake kai, shi ma yana da wa'adi. Duk waɗannan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya yana zaune yana jiran ranar zaman kotu. To an miƙa masa lasisi, madalla. Wa zai biya kuɗin na'urar? Wane kamfani ne zai ɗauki wanda ya yi shekara bai taɓa jirgi ba, ga tambarin "an taɓa dakatar da shi" a fayil ɗinsa? Kuma agogon shekaru bai tsaya don ana shari'a ba: a ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, daga shekara 65 ka gama tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe. Shekara biyun da aka cinye wa mai 58 babu alƙalin da zai maido masa.

Yanzu ku leƙa ɗaya ɓangaren. Hukuma tana da lauyoyinta, albashi suke karɓa ko an yi zama ko an ɗaga. Tana da likitocinta. Muryoyin da aka naɗa tsakanin matuƙi da hasumiya, bayanan rada, rahoton sufeto, duk a wurinta suke ko a wurin 'yar'uwarta. Idan aka ɗaga zama da wata uku, jami'in da ya sa hannu a wasiƙar ko kwana ɗaya na barci bai rasa ba. Idan hukuma ta faɗi, ba a rage masa muƙami, ba a taɓa albashinsa, sau da yawa ma an riga an ƙara masa girma ya koma wani ofis. Ɓangare ɗaya jira ba ya cinsa komai, ɗayan kuma jira ne ke kashe shi. A haka za ku ce min an daidaita ma'auni? Wanda ya fi iya jira shi ke da shari'ar, ko alƙali ya kai wa gaskiya.

Kuma kar wani ya ce min wannan ciwon ƙasashen da ba su ci gaba ba ne. Ku je ku karanta abin da Amurka ta yi wa Bob Hoover. Wannan mutum matuƙin gwaji ne, shi ne ya bi bayan Chuck Yeager a wani jirgin ranar da Yeager ya fara wuce saurin sauti a 1947. A 1992, yana da shekara 70, wasu sufetoci biyu na FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, suka kalle shi yana wasan jirgi a Oklahoma suka rubuta rahoto cewa ƙwarewarsa ta ja baya. Aka yi ta aika shi gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa, ƙarshe aka ƙwace takardar lafiyarsa. Ya ɗaukaka ƙara zuwa NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri da ke sauraron irin wannan ƙara, lauyansa kuwa F. Lee Bailey ne, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka fi suna a ƙasar. Alƙalin da ya zauna ya saurari shaidu a 1994 ya ba shi gaskiya. FAA ta ƙara gaba zuwa cikakken kwamitin NTSB, kwamiti ya soke hukuncin alƙalinsa. Kotun tarayya ma ba ta cece shi ba. Ana cikin haka Ostiraliya ta gwada shi ta ba shi lasisi da takardar lafiya, ya ci gaba da wasan jirgi a wajen ƙasarsa. Jiki ɗaya, kai ɗaya, a wannan ƙasa haɗari ne ga jama'a, a waccan lafiyarsa ƙalau. Sai a 1995 FAA da kanta ta mayar masa da takardar, bayan matuƙan ƙasar sun hana ta sakat. Ku lura, ba hanyar ɗaukaka ƙara ce ta dawo da shi ba. Suna ne da surutun jama'a. To idan mai suna irin na Hoover, da lauya irin Bailey, sai da ya sha wannan wuya, ina ga yaron da ya ci bashi ya yi makarantar tuƙi, bara-bara ya samu kujerar mataimaki?

Bayan wannan abin kunya, a 2000 aka yi gyaran doka da har ake kira da sunan Hoover: idan FAA ta ce lamarinka na gaggawa ne ta sauke ka nan take, kana da awa 48 ka ƙalubalanci gaggawar, NTSB kuma ta yanke cikin kwana 5. Ya yi daɗin ji, ko? To ƙa'idar da NTSB ta rubuta wa alƙalanta ta ce wajen duba wannan ƙorafi su ɗauka duk abin da FAA ta zarge ka da shi gaskiya ne. Wato a fara da cewa ka aikata, sannan a tambaya ko ya dace a sauke wanda ya aikata. Kai ma ka san amsar.

Har zuwa 2012 doka ta ɗaure NTSB da bin fassarar da FAA ta yi wa ƙa'idojinta, sai in fassarar ta fito fili da son rai. Mai ƙara shi ne ya rubuta dokar, shi ne kuma zai gaya wa alƙali ma'anarta. Kun san abin da ya kawo canji? A 2010 Sanata Jim Inhofe, wanda shi ma matuƙi ne, ya sauke ƙaramin jirginsa a kan titin da aka rufe a wani filin jirgi a Texas, ga ma'aikata a kai suna aiki. FAA ta bincike shi. Ko lasisinsa ba a ƙwace ba, horo kawai aka ce ya sake yi. Amma da ya ɗanɗana yadda ake neman bayanan da hukuma ke riƙe da su a kanka a yi ta ja maka rai, sai ga doka ta kare haƙƙin matuƙa, Obama ya sa hannu a 2012: dole a sanar da kai ana bincikenka, dole a ba ka bayanan zirga-zirgar jirage da suka shafe ka, an cire wancan ɗaurin na fassara, an kuma buɗe maka ƙofar kotun tarayya ta farko. Allah ya saka wa sanata, dokar ta yi amfani. Amma shekara nawa matuƙa suka yi suna wannan kukan babu wanda ya ji, sai da abin ya taɓa mai kujera a majalisa?

A Kanada abin har dariya yake ba ni. Akwai kotu ta musamman ta ƙorafin sufuri tun 2003, wadda ta gaji ta jiragen sama da aka kafa a 1986. Idan a kan lafiya aka ƙwace maka takarda, ka je, ka kawo likitocinka, ka gamsar da mai sauraro, iyakar abin da zai iya yi shi ne ya mayar da fayil ɗin wurin minista ya sake dubawa. Ka ci shari'a, ladanka shi ne a komar da kai hannun wanda ka kai ƙara. Ostiraliya ta fi su nan, domin kotunsu tana iya ajiye shawarar CASA, hukumar jiragen samansu, ta yanke tata, kuma ta nan ne matuƙa masu matsalar bambance launi suka samu sauƙi tun ƙarshen shekarun 1980. A 2024 ma sun rushe tsohuwar kotun sun kafa sabuwa. Amma a can ɗin ma, a yawancin irin waɗannan ƙararraki kowa shi ke biyan lauyansa, ka ci ko ka faɗi. Ita hukuma daga asusunta, kai daga kuɗin makarantar 'ya'yanka.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa, kar ku wahal da yatsunku. "Rayukan fasinja fa?" "Za ka shiga jirgin wanda ake shakkar lafiyarsa?" "Ka manta da Germanwings?" Ban manta ba. 24 ga Maris 2015, jirgin kamfanin Germanwings na Jamus, mutum 150 suka mutu, mataimakin matuƙi ya kulle ƙofa ya kai jirgi cikin duwatsun Faransa. To ku da kuke ambaton sunan, kun karanta rahoton masu binciken Faransa? Mutumin ɓoye ciwonsa ya yi wa kamfani, kuma cikin abubuwan da rahoton ya lissafa har da tsoron rasa lasisi da asarar kuɗin da za ta biyo baya. Har shawara suka bayar a nemi hanyar rage wa matuƙa wannan fargabar. A 2024 wani kwamiti da FAA da kanta ta kafa kan lafiyar ƙwaƙwalwar matuƙa ya faɗi kusan abu ɗaya: tsoron a sauke su yana hana su zuwa wurin likita. Saboda haka hujjar taku tawa ce. Duk matuƙin da ya kalli abin da aka yi wa kyaftin ɗin nan ya ɗauki darasi, kuma darasin shi ne in kana jin wani abu a jikinka, ka yi shiru. Haka kuke so wanda ke gaban jirginku ya yi tunani?

Babu mai hankalin da ya ce kar a sauke matuƙin da aka kama da maye, ko wanda ya yi ƙarya a takardar lafiya. A sauke shi yau, kafin ya kai ƙofar jirgi. Ni maganata a kan gobe ce da jibi. In har hukuma tana da ikon tsayar da rayuwar mutum da wasiƙa ɗaya, to a ɗaura mata agogo a wuya ita ma. Amurka, duk da abin da na faɗa a kanta, ta sa wa NTSB kwana 60 ta gama shari'ar gaggawa, kuma wannan abu ne da kowa ya kamata ya kwaikwaya. In wa'adi ya cika hukuma ba ta kawo hujjarta ba, dakatarwa ta faɗi da kanta. In rigimar ta lafiya ce, likitan da zai raba gardama kar ya zama mai cin albashin ɗaya daga cikin masu rigimar. In kuma hukuma ta faɗi, ta biya lauya, ta biya kuɗin horon da zai mayar da mutum kujerarsa. Ranar da kuskure ya fara cin hukuma kuɗi, za ku ga yadda za a riƙa karanta fayil sau biyu kafin a sa hannu.

Wallahi ba ƙiyayya nake da ita da sufetoci ba. Aikinsu da wuya, kuma in jirgi ya faɗi su ake fara nunawa da yatsa. Na fahimci dalilin da zai sa mutum ya ga gara ya sauke goma marasa laifi da ya bar mai laifi ɗaya ya tashi. Amma ai don wannan tsoron aka kafa kotun, don a samu wanda ba ya cikin firgici ya duba da sanyin rai. Idan shi ma sai bayan shekara zai duba, to me ya rage ya duba? Gidan da aka riga aka sayar?

Af, tunda na ambaci Hoover, wanda bai taɓa kallon bidiyonsa ba ya nema a YouTube. Yana juya jirgi gaba ɗaya, ƙasa ta koma sama, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan yana tsiyaya shayi a kofi, ko ɗigo bai zube ba. A wasanninsa yakan kashe injinan jirgin duka biyu a sama, ya yi juyi, ya sauka a haka. A yaƙin duniya na biyu kuwa Jamusawa sun kama shi, ya tsere daga sansanin fursunoni ya saci jirgin yaƙinsu ya gudu da shi zuwa Holan. Ya rasu a 2016 yana da shekara 94. Masu turo min cewa bidiyon haɗi ne na kwamfuta, don Allah ku fara duba shekarar da aka ɗauke shi.